Ina za mu samu lokotoron jini?

Kowa ya san ƙarancin jini. In mace ta ɗashe bayan haifuwa, ko yaro ya yi fari bayan masassarar cizon sauro, majo yana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a gyara abinci, jiki ya dawo. Amma akwai ciwon jinin da ya fi ƙarfin majo. Wannan sai gwanin jini, wanda ake ce ma ematolog da faransanci. Ba su da yawa a ƙasarmu, galibinsu kuma suna Yamai. Don haka ya kamata mu san hanya tun buƙata ba ta taso ba.

A cikin ɓargo ake yin jini. Ƙwayoyinsa iri uku ne: jajaye masu kai iska ga jiki, farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsai da jini in an ji ciwo. A sankarar jini, ɓargo yana ta haifar fararen ƙwayoyi marasa amfani, su danne masu kyau, kamar yadda ƙuduji ke kashe gonar hatsi. Daga nan alamomin ke fitowa. Jajaye sun ragu, sai mutum ya ɗashe, ya riƙa gajiya. Masu yaƙi sun lalace, sai masassara ta ƙi jin magani. Masu tsai da jini sun yi kaɗan, sai haɓo, da jini a dasashi, da tabo a fata ba tare da an bugu ba. Sau da yawa saifa na kumbura, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata, ba ta ciwo, ba ta kuma baje ba.

Akwai wata sankara mai kama yara, wadda wani lokotoro mai suna Denis Burkitt ya bayyana a 1958 a ƙasar Uganda. Tana yawa inda cizon sauro ke da yawa. Muƙamuƙi ko ciki ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, cikin ƴan makwanni abu ya girma. Saurin girmanta abin tsoro ne, amma tana cikin masu jin magani in an zo da wuri. A nan ne muke yin asara babba. Ciwo ya fara a tsakiyar damina, mai gida ya ce a bari sai kaka, in an sai da wake. Wannan ciwo ba ya jiran kaka. Kuma kada a kai wa wanzami ya tsaga kumburin ko ya yi ƙaho: jinin da ya rage ne za a zubar.

Ba sankara kaɗai ke kai mu wurin gwanin jini ba. Akwai emasi, wato amosanin jini, da ake gado. Jar ƙwaya mai lafiya tana yin kamar kwana 120. Ta mai emasi ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. In miji da mata duka AS ne, a kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu na a haifi yaro SS. Akwai kuma yaro namiji da jininsa ba ya tsayawa bayan kaciya ko cire beli. In an taɓa ganin haka a dangin uwa, a faɗa wa lokotoro kafin a ɗora wa wani yaro aska.

To, yaya ake zuwa? Ba a tashi daga ƙauye a hau mota sai Yamai. Daga Maraɗi ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Wanda ya tafi ba takarda yana iya cinye guzurinsa a bakin ƙofa. A fara da gidan likita na kusa. In an sha maganin cizon sauro har ya ƙare masassara ba ta sauka ba, a koma, a roƙi takardar turawa zuwa asibitin gunduma. Can ake awon ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ake rubutawa NFS. In sakamakon ya nuna matsala, sai babban asibitin jiha, a Maraɗi, Tawa ko Damagaram, su kuma su tura Yamai in ya kama. A Yamai akwai sashen ciwon jini a Babban Asibitin Ƙasa, akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi, da cibiyar yaƙi da sankara, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021. Gwanin jini yana iya ɗibar ɓargo kaɗan da allura don ya tabbatar da irin ciwon. Kada wannan ya firgita mu, ba ya rage ƙarfin mutum.

Kafin tashi, a haɗa takardar turawa, da dukan takardun awo, da kwalayen magungunan da aka sha, har na gargajiya a faɗi sunansu. Kada a ba mai zubar jini aspirin. A tafi da ɗan uwa ɗaya ko biyu masu lafiya, don ana yawan buƙatar ƙarin jini. Maganin sankarar jini kuwa zagaye-zagaye ake ba da shi, wata da watanni. Bayan zagaye na farko kumburi yakan saɓe, mutum ya ji sauƙi, amma ciwon bai ƙare ba. A sa wani ya rubuta ranar komawa, a shirya tun da wuri wanda zai kula da gona da bisashe a ranakun tafiya.