Babi na Tara: Hanyar Sadarwa ta Cikin Gida Mara Waya

9.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba hanyar sadarwa ta cikin gida mara waya da amfaninta ga malamin Hausa, sannan ya kawo abubuwan da ya wajaba a yi la'akari da su kafin a kafa ta a makarantar karkara irin ta Kademi da ke ƙaramar hukumar Gaya, ko ta ƙauyukan Ajingi.

9.1 Ma'ana

Hanyar sadarwa ta cikin gida mara waya tsari ne na haɗa kwamfutoci da wayoyin hannu da ke wuri guda, kamar aji ko ɗakin karatu, ta hanyar igiyar rediyo maimakon jan waya. Wata 'yar na'ura da ake kira rauta ita ce cibiyar da sauran na'urori ke haɗuwa da ita. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar tsarin, mai lamba 802.11, a 1997, kuma a 1999 aka sanya masa sunan Wi-Fi, wanda Hausawa suka ara suna cewa "waifai".

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa waifai daban, intanet daban. Waifai tamkar lungunan cikin gari ne, intanet kuwa babban titin da ya fita waje. Ana iya zirga-zirga a cikin gari ko da titin ya yanke.

9.2 Amfaninta

(a) Sauƙin kafawa: ba sai an fasa bango ko an haƙa rami domin shimfiɗa waya ba.

(b) Walwala: malami na iya fita da ɗalibansa gindin bishiya, aikin bai tsaya ba.

(c) Taskar karatu ba tare da data ba: ana iya ajiye littattafai da muryoyin masu waƙoƙin baka da tatsuniyoyi a kwamfuta guda, ɗalibai su riƙa ɗauka daga nan. Wannan shi ne babban amfaninta ga makarantar da ba ta da kuɗin sayen data kowane wata. Malamin da ke koyar da karin sauti ko tsawon wasali zai iya sa ɗalibansa su saurari bambancin "fari" mai nufin launi da "fari" mai nufin rashin ruwa sau da yawa, har kunne ya saba.

9.3 Abubuwan Lura

(a) Wutar lantarki: in babu wuta, babu sadarwa. A shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam ta kafa hanyar sadarwa mara waya mai suna ZittNet a Kafanchan, sai da ta jingina da hasken rana da batura saboda rashin tsayayyar wuta. Don haka a fara lissafin sola kafin na rauta.

(b) Gini: a cikin ɗaki saƙon ba ya wuce kimanin mita 30 zuwa 50. Katanga mai kauri na rage masa ƙarfi, kwanon rufi kuma na tare shi. A ɗora na'urar a sama, a tsakiyar ginin.

(c) Yanayi: ƙurar hunturu da zafin bazara da tsawar damina duk suna lalata na'ura.

(d) Tsaro: saƙon rediyo ba ya tsayawa a bakin ƙofa. An gano raunin tsohon tsarin kulle na WEP tun 2001, saboda haka a yi amfani da WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018, a kuma riƙa sauya kalmar sirri.

(e) Tarbiyya da haƙƙin mallaka: malami ne ke da alhakin abin da yara ke kallo, kuma ba a zuba littafin wani a taska sai da izininsa.

9.4 Kammalawa

An ga cewa amfanin wannan hanya ya rataya ne a kan shiri. Malamin da ya tanadi wuta da tsaro da abin karantawa kafin ya nemi na'ura, shi ne zai ci moriyarta.

9.5 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin waifai da intanet.
2. Tsara darasin tsawon wasali na minti 40 ta amfani da wannan hanya.