Kwamfutar Wasanni Mai Tsada: Abin da Ake Saye da Abin da Zafi Ke Ƙwacewa

Tudun Jukun unguwa ce a gefen Tudun Wadar Zariya, ba nisa da tsohon kamfanin Gaskiya, inda aka daɗe ana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ɗalibai da yawa na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli 'yan unguwar ne, waɗansu kuma haya suke yi a cikinta. A irin waɗannan gidaje akwai wata magana da kan taso idan karatun yaro ya yi nisa. Sai ya zo wa mahaifinsa da cewa kwamfutar da yake da ita ta gaza, lalle sai an sayo masa "ta gem", watau kwamfutar cinya irin wadda aka ƙera musamman domin wasannin bidiyo. Uba ya ji sunan wasa, sa'an nan ya ji kuɗi, sai ya yi tsammanin yaro ya zo da shiririta. Wani lokaci gaskiyar uban ce, wani lokaci kuwa ta yaron ce, kuma ilmin kimiyya yana iya raba wannan gardama.

Kuɗin dai ba na wasa ba ne. Manyan samfurori irin su Alienware na kamfanin Dell, da ROG na ASUS, da Razer Blade, da Legion na Lenovo, sukan kama daga dala 2,000 zuwa 4,000. A farkon shekarar 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460. A watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Da wannan canji, na'urar dala 2,500 ta tashi naira miliyan uku da dubu ɗari bakwai da hamsin. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan kwamfuta guda ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da shekara huɗu.

Ƙwaƙwalwa biyu a akwati ɗaya

Abin da ya bambanta wannan na'ura da sauran shi ne ƙwaƙwalwar zane, wadda masana ke taƙaita sunanta da GPU. Kowace kwamfuta tana da babbar ƙwaƙwalwa mai gudanar da al'amura, wadda ake iya kwatantawa da 'yan ƙwararrun malamai kaɗan masu warware lissafi mai wuya ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaƙwalwar zane kuwa tamkar dubban ɗalibai ne a babban zaure, kowa an ba shi ƙaramin lissafi, duk suna yi a lokaci guda.

Dalilin bukatar wannan taro a fili yake. Hoton da ke kan allon kwamfuta ɗigo-ɗigo ne na haske. Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, dole a lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 a kowace daƙiƙa, tare da inuwa da ƙyalli da nisan kowane abu. Allunan wasanni kan sabunta hoto sau 144 ko 240.

Kamfanin Nvidia na Amurka ne ya yayata sunan GPU a 1999, lokacin da ya fitar da GeForce 256. Daga baya masu bincike suka gane cewa irin wannan lissafi na taron dangi ya dace da ayyukan da ba su shafi wasa ba. A 2012 waɗansu masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka horar da wata manhajar gane hotuna, AlexNet, a kan katunan wasa guda biyu samfurin GTX 580, kuma nasarar da suka samu tana cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar ƙirƙirarriyar basirar da ake magana a kai yau.

A nan ne ɗalibai suka rabu gida biyu. Ɗalibin tsara gine-gine a Samaru da ke fitar da hoton gini da manhajar Lumion, ko ɗalibin injiniya mai zana sassan inji da SolidWorks, ko mai haɗa finafinai, ko mai horar da manhajar basira, duk suna cin moriyar ƙwaƙwalwar zane, domin aikin da zai kwana ana jira sai ya ƙare kafin a yi sallar isha'i. Amma ɗalibin shari'a a harabar Kongo, ko ɗalibin akanta, wanda aikinsa rubutu ne da karatu da jadawalin lissafi, ba zai taɓa tayar da ita daga barci ba. Zai dai riƙa saɓa ta a kafaɗa kullum, ita da cajarta mai kama da bulo, nauyin da kan haura kilo uku.

Suna ɗaya, ƙarfi daban

Mai saye yakan dubi lambar da aka manna a jikin na'ura ya ɗauka ya gama bincike. Wannan kuskure ne babba. A ɗauki RTX 4090. Wadda aka yi domin kwamfutar tebur a 2022 tana da ƙananan sassan lissafi 16,384, da ma'ajiyar hoto mai gigabait 24, kuma tana jan wuta wat 450. Wadda aka sa wa suna iri ɗaya a kwamfutar cinya a 2023 tana da sassa 9,728 da gigabait 16, kuma ba ta wuce wat 175. Sunan ne kawai ya haɗa su.

Abin bai tsaya nan ba. Ko a tsakanin kwamfutocin cinya, kamfanin da ya harhaɗa na'urar shi ke yanke yawan wutar da za a bai wa ƙwaƙwalwar. RTX 4060 ta cinya ana iya saita ta daga wat 35 har zuwa 115. Saboda haka na'urori biyu na iya zama gefe da gefe a shago ɗaya, da lamba ɗaya, ɗaya ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau. Tambayar da ta kamata a yi wa mai shago ita ce wat nawa aka ba ta, kuma amsar tana cikin bayanan da manhajar Nvidia ke nunawa a kan na'urar kanta.

Inda wutar ke tafiya

Me ya hana a bai wa kowace na'ura cikakkiyar wuta? Zafi. Kusan dukkan wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Na'urar da ke jan wat 250 tana fitar da zafi kamar tsofaffin ƙwayayen fitila huɗu masu wat 60 a kunne, an cusa su cikin akwatin da kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba.

Ana fitar da zafin ne ta bututun jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsu aka sa ɗan ruwa aka toshe. Ruwan ya taɓa wurin zafi sai ya zama tururi, ya gudu zuwa ɗaya ƙarshen inda fanka ke hura iska a kan siraran faifan ƙarfe, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. Haka yake ta kewayawa. To, amma akwai ƙa'idar da ake kira dokar hucewa ta Newton, wadda ta nuna cewa saurin fitar zafi daga abu ya danganta ne da tazarar da ke tsakanin zafinsa da na iskar da ke kewaye da shi. Shi ya sa shayi ya fi saurin hucewa da hunturu.

Ga yadda lissafin yake. Ƙwaƙwalwar zane ta cinya takan fara rage wa kanta gudu idan ta kai wajen digiri 87 a ma'aunin Salshiyas, don kada ta ƙone. Masu gwajin na'urori a Turai da Amurka suna yi ne a ɗaki mai kimanin digiri 25 ko ƙasa da haka, tazara ta zama 62. A Zariya kuwa, cikin watannin Maris da Afrilu, zafin rana kan kai digiri 38, a ɗakin kwano marar sili ma ya wuce nan. Tazara ta koma 49. Idan aka raba 49 da 62 za a ga an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin fitar da zafi, tun ba a yi maganar ƙura ba. Wannan lissafi ne na kusa, amma ya isa ya nuna cewa gudun da aka gani a talla ba shi za a samu da azahar a Tudun Jukun ba.

Sai kuma hunturu ya zo da nasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta yi sanyi, amma fankokin na zuƙo ƙurar nan mai laushi kamar gari, ta haɗu da zaren katifa da na bargo, ta toshe tsakanin faifan ƙarfen. Mai ɗora kwamfuta a kan katifa ya haɗa wa kansa matsala biyu, domin ya rufe ƙofofin iskar da ke ƙasanta.

Daga nan za a fahimci wani abin da kasuwa ba ta faɗa. Tsadar waɗannan na'urori iri biyu ce. Akwai wadda aka biya kuɗinta saboda manyan fankoki da yalwar jan ƙarfe. Irin wannan mai kauri ce, mai nauyi, mai ƙara kamar injin niƙa na nesa, amma tana da rarar da za ta jure zafin bazara. Akwai kuma wadda aka biya kuɗinta saboda siranta da kyan gani. Ta biyun nan an ƙera ta ne domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, kuma ita ce ta fi cutuwa a ƙasar Hausa, ga shi sau da yawa ita ce ta fi tsada.

Batir da wutar gari

Da wuya a ga kwamfutar cinya da batirinta ya wuce wat-awa 99.9. Dalili kuwa dokar jiragen sama ce, wadda ta hana fasinja shiga da batirin litiyam da ya haura wat-awa 100 sai da izini. Batirin wat-awa 100 da ake zuƙar wat 200 daga gare shi rabin awa zai yi. Don haka da zarar an ɗauke wuta, na'urar kan rage ƙarfinta da kanta ƙwarai. Ƙarfin da aka biya miliyoyi dominsa yana nan ne kawai muddin caja na jone.

Kuɗin wutar ba shi ne abin damuwa ba. Wat 250 na tsawon awa shida ya ba da yunit ɗaya da rabi, kuma ko da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin farko a Afrilun 2024, bai kai naira 350 ba. Samun wutar shi ne aiki. A Oktoban 2024, bayan lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai dogaro da sola kuma ya yi nasa lissafin: batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma idan na darma ne rabin wannan kaɗai ya kamata a sha. Bai kai awa biyar ba ke nan, ko da ba a kunna fanka ko fitila ba. Kwamfutar rubutu ta yau da kullum, mai shan wat 15 ko makamancin haka, za ta kwana ta wuni a kan batirin nan. Ƙaramin janareta yana iya ɗaukar nauyin, sai dai wutarsa mai hawa da sauka ce, kuma cajar wat 280 ba a kowane shago ake samun ta ainihi ba.

Duk da haka, batirin nan yana da ranarsa. Kwamfutar tebur ta fi ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, ta fi samun iska, kuma ana iya cire katin zanenta a sa sabo. A kwamfutar cinya ƙwaƙwalwar zane a like take da babban allon ciki. In ta tsufa ta tsufa, in ta ƙone gyaranta kan kusanci kuɗin wata na'urar. Amma ta tebur tana mutuwa nan take idan aka ɗauke wuta, aikin da ba a adana ba ya bi ruwa. Ga ɗalibin da ke kai-kawo tsakanin gida da Samaru, wannan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi ta cinya.

Wa ya kamata ya saya?

Mai son wasan ƙwallo kawai, irin wanda matasa ke bugawa a shagunan gem, ba ya bukatar wannan ɗawainiya: PlayStation 5 ta fito a 2020 a kan dala 499. Mai koyon ƙirƙirarriyar basira yana iya farawa da Google Colab, inda ake aron ƙwaƙwalwar zane ta intanet. Wanda aikinsa ya wajabta masa ita kuwa, matsakaiciya mai kauri da aka ba cikakkiyar wuta za ta fi yi masa amfani a kan babba siririya, rarar kuɗin kuma ta tafi wajen batir da faifan sola. Ya kuma tuna cewa sabon zubi kan fito kusan duk shekara biyu, kamar yadda jerin RTX 50 ya fito a 2025 ya karya darajar na gabansa.

Galibin masu saye a Zariya ta hannu suke nema, a PZ ko a titin Beirut na Kano. Kada a biya sai an gwada. A jona caja, a ɗora mata aiki mai nauyi na rabin awa, a sa ido a kan zafinta da manhaja irin HWiNFO, a ga ko gudunta ya faɗi bayan minti goma na farko. A saurari fankokin biyu, kada ɗaya ta yi shiru ko ta riƙa gurnani. A sa Windows ta fitar da rahoton batir, a kwatanta abin da yake ɗauka yanzu da abin da aka ƙera shi da shi. A dubi wurin taɓa yatsa da ke gaban madannai. In ya ɗago, batirin ya kumbura. Bayan an kai ta gida, a ɗaga bayanta da ɗan katako don iska ta shiga, a saita caji ya tsaya a kashi 80 idan na'urar ta ba da dama, domin zafi da cikar batir kullum su ke saurin kashe litiyam, sa'an nan a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share ƙura a ƙarshen kowane hunturu, kafin zafin Maris ya kama.