Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Bindiga Mai Jigida

Wani mai sauraro daga Azare, a masarautar Katagum, yana son jin asalin bindiga mai jigida da yake gani a kan motocin sojoji.

To, Malam, kakarta ita ce Maxim, wadda Hiram Maxim ya ƙera a 1884. Ƙasar Hausa ta ɗanɗana kuɗarta a 1903, lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, sannan suka gwabza da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Sai dai Maxim jibgegiya ce, da ruwa ake sanyaya bututunta, kuma mutum ɗaya ba ya iya yawo da ita.

Jamusawa ne suka canza salo da MG 34 a 1934. Bindiga guda ce, amma soja zai iya kafa ta a kan ƙafa biyu, ko a girke ta a kan ƙafa uku, ko a ɗora ta a tankar yaƙi. Idan bututu ya ɗau zafi, a zare shi a sa wani nan take. Ƙanwarta MG 42 ta fi arhar ƙira, tana ɓarin harsashi kusan 1,200 a minti ɗaya.

Wadda sojojin Najeriya suka daɗe da ita, FN MAG, ƙirar Ernest Vervier ce ta ƙasar Beljiyam, ta 1958.

A Amurka kuwa, Eugene Stoner ya fito da Stoner 63, wadda ake musanya sassanta ta koma ƙaramar bindigar kafaɗa ko mai jigida. Dabara ce mai ban sha'awa, amma wahalar kula da ita ta hana ta yaɗuwa.