Yadda ake isar wa baƙo rahoton kuskuren katin da aka damƙa masa

Mai gyaran kwamfuta a Dakoro da ke da inji mai ƙarfi guda ɗaya tak yana iya raba shi: Linux a ƙasa a matsayin mai masauki, a kansa kuma kwamfutocin kwaikwayo, wato baƙi, ta hanyar KVM da QEMU. Wani lokaci akan damƙa wa baƙo ɗaya katin sadarwa ko katin hoto kacokan. Ranar da katin ya cije, zafi da ƙura ake fara zargi, a buɗe inji a yi ta busawa. Ni dai shawarata, a fara tambayar IOMMU.

Ita ce ke tsaye tsakanin kati da ma'adanar RAM, tana fassara duk adireshin da katin ya nema. In babu adireshin, ko katin ba shi da izini, sai ta hana ta kai rahoto. Amma ga mai masauki take kai shi, alhali direban da ya ba da adireshin banza yana cikin baƙo, bai ma san an yi ba.

Da farko shiga BIOS ka kunna VT-d idan injin Intel ne, ko AMD-Vi idan na AMD ne. A Intel ka ƙara intel_iommu=on a layin GRUB, ka sake tayar da inji. Leƙa /sys/kernel/iommu_groups, in wayam ne, ba ta kunnu ba.

Sannan nemo lambar katin da lspci -nn, ka ɗaure shi ga vfio-pci. Kula: na'urorin da ke rukunin IOMMU ɗaya tare suke tafiya, ba a raba su.

Idan katin ya tsaya, bar baƙon tukuna, koma wurin mai masauki ka buga dmesg. A Intel nemi layin DMAR, a AMD nemi IO_PAGE_FAULT. Layin zai nuna lambar na'urar, adireshin da ta nema, da ko karatu ne ko rubutu. Kwafe shi a takarda kafin wuta ta ɗauke. Ga yawancin injunan gwanjo, wannan ya wadatar, kai ne ɗan aike tsakanin su biyun.

Isar da rahoton kai tsaye kuwa sabon abu ne. IOMMUFD ya shiga Linux 6.2 a 2023, sannan a 6.15, cikin Mayun 2025, aka ƙara layin rahoto mai suna vEVENTQ, aikin Nicolin Chen na NVIDIA, wanda ya fara da SMMUv3 na injunan ARM. Duba sigar Linux ɗinka da uname -r. Fassarar a nan hawa biyu ce: na farko a hannun baƙo, na biyu a hannun mai masauki. Kuskuren hawa na farko ake miƙa wa baƙo, don shi kaɗai zai iya gyara teburin fassararsa.

Manhajar da ke riƙe da baƙon za ta buɗe /dev/iommu, ta kira IOMMU_VIOMMU_ALLOC, sai IOMMU_VDEVICE_ALLOC don haɗa katin da lambar da baƙo ya san shi da ita, sai IOMMU_VEVENTQ_ALLOC. Kada a tsallake na tsakiyar, domin da shi ake musanya lambar katin ta ainihi da ta baƙo. Daga nan ta riƙa karanta rahotanni tana zuba su a layin baƙo, ta buga masa ƙararrawa. A dmesg na baƙo, lambar kuskuren SMMUv3 0x10 na nufin ba a sami fassara ba, 0x13 kuma rashin izini.

Layin yana da iyaka. Kati mai matsala yakan yi ruwan rahotanni har ya cika shi, shi ya sa kowane rahoto ke ɗauke da lambar jeri. In ka ga lamba ta yi tsalle, wasu sun salwanta: ƙara zurfin layin, kuma ka tabbatar manhajar ta shaida wa baƙo an yi asara.