Hayar Keke da Neman Masauki: Matsayin Lamuni a Rayuwar Baƙo a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, samari daga ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, har da ƙauyukan da ke gefen dajin Ɗansoshiya, sukan fito Kwanar Ɗangora su hau mota su nufi Kano cin rani. Idan baƙo ya sauka a tasha, abu biyu ne ke fara tsaye masa a rai, watau inda zai sa haƙarƙarinsa da dare, da kuma abin da zai hau ya zaga gari da rana. Wannan ɗan nazari zai duba yadda baƙo ke samun waɗannan abubuwa biyu, domin a nuna cewa mabuɗinsu ɗaya ne, shi ne lamuni, watau samun wanda zai tsaya wa mutum.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Batun

Yawancin kalmomin wannan fage baƙi ne a Hausa. “Keke” daga Yarbanci aka aro ta, “basukur” da “haya” kuwa daga Ingilishi. Amma kalmomin da ke riƙe da cinikin kansa sun girme su nesa ba kusa ba, kuma daga Larabci suka zo tare da fatauci da karatun fiƙihu: “dillali”, “la’ada”, “amana” da “lamuni”. Wannan ya nuna cewa lokacin da keke ya iso ƙasar Hausa a zamanin Turawa, ya tarar da tsarin ciniki a shimfiɗe, shi dai ya shiga cikinsa ne kurum.

Akwai kuma bambanci tsakanin aro da haya. Aro kyauta ne, tsakanin waɗanda suka san juna yake. Haya kuwa da kuɗi ake yin ta, saboda haka a ka’ida ko baƙo yana iya samu. Sai dai a aikace kuɗi kaɗai ba ya isa.

3.0 Hayar Keke

A shekarun 1960 zuwa na 1980, da wuya a sami unguwa a Kano ko babban ƙauye a karkararta da ba shi da mai hayar keke. Yawanci shi ne kuma mai faci da gyaran kaca da ɗaure birki. Yakan jera kekunansa a ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya, irin su Raleigh da Hercules, ga agogo a rataye, ga ɗan littafin rubuta lokacin fita da na dawowa. Akan biya ne gwargwadon lokaci, ko rabin awa, ko awa, ko yini guda. Yara sukan ɗauki ƙananan don koyo, manya kuwa don zuwa unguwa, ko kai saƙo, ko biɗar aiki a masana’antun Bompai da Sharaɗa.

Matsalar mai haya a fili take. Yana miƙa wa mutum jarinsa a kan ’yan kwabbai, kuma kayan nan shi da kansa abin gudu ne. Don haka idan baƙuwar fuska ta zo, tambayarsa ta farko ba ta kuɗi ba ce. Sai ya ce, “Samari, a gidan wa ka sauka?” Idan yaro ya ce, “Baba, ɗan ɗakin Malam ne ni, na soron can,” to, magana ta ƙare, sai dai a aika a tabbatar. Wanda ba shi da sunan da zai ambata kuwa, ko dai ya ajiye jingina, kamar agogo ko rediyo, ko ya ci gaba da tafiya a ƙasa. Ashe ke nan sai baƙo ya sami masauki kafin ya sami abin hawan da zai nemi masauki da shi.

4.0 Neman Masauki

Saukar baƙi tsohuwar sana’a ce a Kano. Fatoma ko mai gida yakan sauki fatake, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu idan ciniki na bashi ne. Fagge ta samo asali ne a matsayin zangon ayarin Azbinawa a bayan ganuwa. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 aka kafa Sabon Gari, daga baya kuma unguwannin Tudun Wada da Gwagwarwa suka cika da ma’aikata da leburori ’yan Arewa. Irin wannan tsari na mai gida ne Abner Cohen ya yi nazarinsa a Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanu da goro a can ya dogara ne kacokan a kan lamunin masu gidaje. Mutanen kudancin Kano ba baƙi ba ne a wannan harka, domin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, haifaffen Bebeji ne, daga zuriyar Agalawa fatake.

Ɗan cin rani yakan bi matakai uku. Da farko yakan sauka a zaure ko shagon wani mutumin garinsu, ko wajen malamin tsangaya, ba tare da biyan ko kwabo ba, sai dai ɗan aiken gida da ɗiban ruwa. Idan ya fara samu, sai su haɗu su uku ko huɗu su kama ɗaki ɗaya, su riƙa raba kuɗin. Mataki na uku shi ne na wanda ya ƙudura zama, yana son ɗauko iyalinsa. A nan ne dillali ke shigowa, ya zaga da shi lungu-lungu, ya karɓi la’adarsa, mai gida kuma ya nemi kuɗin wata shida ko na shekara a dunƙule. Duk da haka ba a miƙa mabuɗi sai an ji asalin mutum da sana’arsa, an ji ko yana da aure, domin masu gidaje da yawa ba sa son ba gwauro ɗaki a cikin gidan iyali. Sau da yawa har sai an kai shi gaban mai unguwa. Wanda ya zo birni bai san kowa ba, shi ne ke ƙarewa a tasha ko rumfar kasuwa, kuma shi ne ɓata-garin dillalai ke karɓe wa kafin alƙalami a kan ɗakin da ba nasu ba. Dalili ke nan Hausawa ke cewa da ɗan gari akan ci gari.

5.0 Kwatanci da Biranen Turai

Biranen Turai ma sun yi fama da wannan matsala ta amana. A 1965 wasu matasa a Amsterdam ta ƙasar Holan suka shafa wa kekuna farin fenti suka ajiye a titi ba kulle, kowa ya hau ya bar wa wani. Shirin bai yi ƙarko ba, ’yan sanda suka kwashe wasu, wasu kuma suka ɓace. A 1995 birnin Kwafanhagan na ƙasar Danmak ya fito da kekunan da ake saka tsabar kuɗi kafin kulle ya buɗe, watau jingina ke nan. Amma jinginar ba ta kai darajar keken ba, kuma ba a san wanda ya ɗauka ba, sai sata ta ci gaba. Da Faris ta buɗe shirinta na Vélib’ a 2007, sai ta ɗaure kowane mahayi da katinsa na banki. Tambayar na’urar Faris da ta mai hayar Fagge duk ɗaya ce: wane ne kai, kuma wa za a kama idan ba ka dawo ba? A can banki ke tsaya wa mutum, a nan kuwa mai gida.

6.0 Kammalawa

Hayar keke ta ja baya a Kano tun da acaɓa ta yaɗu. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a 2013, A Daidaita Sahu, wadda aka fara a 2005, ta gaje ta. Tsadar mai bayan janye tallafi a 2023 kuwa ta sa mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Abin hawa ya sauya, amma lamuni yana nan daram, domin ko A Daidaita Sahu ba a ba matashi ya ja sai ya kawo mai tsaya masa. Tsarin yana da alheri, tun da yana ba talaka abin da kuɗinsa ba su kai ba. Yana kuma da illa, domin yana rufe ƙofa ga wanda ba shi da kowa, komai gaskiyarsa. Saboda haka saurayin da zai bar Ɗansoshiya ya nufi birni, guzurinsa na farko shi ne sunan mutumin da zai yi wa sallama, kafin kuɗin mota.