Furen Damisa: Baƙon Itace Wanda Ba Kauci Ba Ne

A cikin kurmi da bakin rafuka akwai wani tsiro da ke zama a bisa manyan itatuwa, musamman a cokalin reshe, ko a wuyan giginya da kwakwa. Mutane da yawa in sun hange shi sai su ce kauci ne, su sa gatari. Wannan kuskure ne, kuma saboda gyaransa aka rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu.

Asalinsa

Tsiron nan yana cikin babban dangin da Turawa ke kira okid. Suna yi masa laƙabi da furen damisa, domin furensa rawaya ne, wani da ɗan kore, da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa kamar na fatar damisa. Masana kuwa suna kiransa Ansellia africana. A 1841 Ingila ta aiko da jirage su bi Kwara. A cikinsu akwai wani mai tara tsire-tsire, John Ansell, shi ne ya samo shi a tsibirin Fanando Po, wanda yanzu a ke kira Biyoko. A 1844 wani masani, John Lindley, ya raɗa masa sunan Ansell. Afirka kaɗai ce gidansa, tun daga ƙasashen yamma har Afirka ta Kudu.

Bambancinsa da kauci

Kauci ɓarawo ne. Yana kafa saiwarsa cikin naman reshe, ya riƙa zuƙe ruwan itacen, har kaɗanya ko ɗorawa ta rame. Furen damisa kuwa wurin zama kawai ya ke nema, don ya sami haske da iska. Ba ya huda itacen, ba ya shan kome nasa.

To, ina ya ke samun abinci? Saiwarsa iri biyu ce. Akwai masu kauri da ke manne wa ɓawo su riƙe shi, suna da wata farar fata mai tsotse ruwan sama da raɓa kamar soso. Akwai kuma sirara masu tsini da ke miƙewa sama, su taru kamar kwando. Ganyen da ke kaɗewa daga itacen yana faɗawa ciki, ya ruɓe, ya zama takinsa. Kararensa sun yi kama da gajeren rake, tsawonsu ya kan kai ƙafa 2, a cikinsu ya ke adana ruwan da zai kai shi ƙarshen rani. Galibi da rani ya ke fure, kuma furen yana da ƙamshi.

Abin da ya sa ya ke raguwa

Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, iska ke ɗaukarsu. Ba su da guzuri irin na ƙwayar dawa, saboda haka ba su tsira sai sun gamu da wata irin fumfuna da za ta ciyad da su. Cikin dubbai kaɗan ke rayuwa, wanda ya rayu kuma sai ya shekara da yawa kafin ya yi fure. Gungun da aka yi shekaru ana tarawa, mutum ɗaya na iya ɓamɓare shi da hantsi guda.

Abubuwa uku ke cinsa: saran manyan itatuwa, da gobarar daji, da masu kwasarsa don sayarwa ko haɗa magani. Ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Akwai kuma yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ta shiga, ta hana a fitad da okid na daji zuwa wata ƙasa sai da takardar izini.

Yadda a ke renonsa

Wanda ke sonsa a gida, kada ya je daji. Ya nemi rabo wurin mai shi a lambu, ya bi wannan ƙa'ida:

1. A raba gungun da wuƙa mai tsabta a farkon damina, lokacin da sabon toho ke fitowa. Kowane kashi ya kasance da kara 3 ko 4.

2. Kada a binne shi a ƙasa, gama saiwar za ta ruɓe. A sami tukunya mai huji da yawa, a zuba tsingaro da gawayi da gutsattsarin ɓawon itace.

3. In an fi so, a ɗaure shi da igiya a cokalin itace mai kaushin ɓawo, har saiwar ta kama.

4. A ajiye shi inda zai sami hasken safe sosai, amma ranar tsaka ta same shi a inuwa.

5. A ba shi ruwa sosai muddin yana toho, a bari ya tsane kafin a ƙara. In kararen sun ƙosa, a rage ruwan, gama wannan hutun ne ke sa shi fure.

6. Kada a aske saiwar da ta miƙe sama don ganin ta yi buzu-buzu. Ita ce rumbunsa.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Ana roƙon kowane Hakimi ya bayyana wa dagatai da masu unguwa bambancin nan, don a sare kauci a bar furen damisa. Malamin Hakimi ya rubuta wuraren da a ke samunsa a gundumar, da irin itacen da ya ke kai, ya miƙa wa malamin daji. In aka ga baƙo yana loda shi a buhu, a tambaye shi takardar izininsa. In kuwa iska ta kada itace da gungu a kai, a ɗauke shi a ɗaura a wani itace na kusa, gama in an bar shi a ƙasa ruɓewa zai yi, ko wuta ta cinye shi.