Yadda Tarihi Ya Sauya Zanen Koriya

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: yaya fasahar zanen zamani ta bunƙasa a Koriya?

To malam, mulkin mallaka ne ya buɗe ƙofar. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, a lokacin ne Ko Hui-dong ya koyo zane da fentin mai irin na Turawa a Tokyo, alhali tawada da takarda aka gada.

Sai yaƙin 1950 zuwa 1953 ya raba iyalai, ya talauta jama'a. Lee Jung-seob, da talauci ya sa ya tura matarsa da 'ya'yansa Japan, a kan takardar azurfa ta kwalin sigari yake zana su, don ba shi da kuɗin kayan aiki. Ya rasu a 1956.

A shekarun 1970, a Koriya ta Kudu ƙarƙashin mulkin Shugaba Park Chung-hee, su Park Seo-bo suka koma zane da launi ɗaya, ana ta maimaita layi, salon da ake kira Dansaekhwa. Wasu sun ce natsuwa ce, wasu suka ce kauce wa siyasa ne. Bayan sojoji sun kashe masu zanga-zanga a Gwangju a 1980, matasa suka ƙi wannan shiru, suka fito da Minjung, zanen talakawa, wanda ake ɗagawa a tituna.

Koriya ta Arewa kuwa, gwamnati ce ke juya harkar. Masana'antarta ta Mansudae ce ta gina wani ƙaton gunki a Dakar da aka buɗe a 2010.